Ƙuri'ar Baba Mai Layi

Ni dai bari in faɗi yadda aka yi tunda kowa nasa yake faɗa, wasu har cewa suke Babanmu ba shi da imani, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ma ya tsoma baki. Babanmu mai walda ne, shagonsa na bakin titi kusa da mai faci, ƙofa da taga da gadon ƙarfe yake haɗawa, idonsa kullum ja kamar wanda ya sha kuka saboda wutar waldar nan. Amma ba mai ce masa mai walda, Baba Mai Layi ake ce masa, don shekara ashirin da shida shi ke zana layin filin kulob ɗinmu. Babban gwangwanin madara ya huhhuda da ƙusa ya cika da farar ƙasa, ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan ya bi ta a duƙe yana kaɗawa, in ka taka masa layi kafin a hura usur ko kai ɗan waye sai ka ji ba daɗi. Turakun raga ma shi ya haɗa su. Kuma abin dariya bai taɓa buga ƙwallo ba ko sau ɗaya, in ta gangaro wajensa da hannu yake ɗauka ya miƙa.

Koci goma sha ɗaya suka zo suka tafi a gaban idonsa, kuma duk wanda ya ce ba zai yi ba to fa ba zai yi ba. Akwai wani da ya zo da kwat da jakar takardu kowa na ta rawar kai, Baba ya kalle shi rana ɗaya ya ce wannan ruwan farko zai tafi da shi, wallahi ko wata biyu bai cika ba. Tun daga nan in za a ɗauki koci sai an sa Baba a kwamiti. Su uku ne, Ciyaman mai kemis da ke saya mana jesi, da Ticha mai rubuta mana takardu, sai Baba.

To bana kocinmu ya samu babban kulob ya tafi, mutum biyu suka nemi wurin. Ɗaya baƙo ne dogo ba ya dariya, muka sa masa Sanda. Ɗayan Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya shi ne kyaftin ɗinmu shekara biyar, lamba shida, in yana fili kamar an ja ƙofa an sa kwaɗo, sai wani ɗan iska ya shigo masa ta baya gwiwa ta tafi. Shekara biyu ke nan yana shagon Baba yana riƙe ƙarfe Baba na ƙonawa, ba ya magana, in ya jiyo usur daga fili sai ya juya baya. Kocin nan ita kaɗai ce hanyar da ta rage masa ya koma cikin ƙwallo, ya je ya yi kwas wata uku, ya cika littafi biyu da zane-zane, Anti matarsa ta ce ko abinci yake ci sai ya jera ƙasusuwa a faranti yana cewa wannan ya matso wancan ya rufe.

Ciyaman na son Sanda, Ticha na son Yaya, saura Baba. Kowa ya ce ai an gama, masu zaman teburin mai shayi har sun fara ce wa Yaya koci, shi kuma yana cewa ku bari mana amma haƙoransa duk a waje.

Shi Baba ba ruwansa da satifiket. Kowane koci kwana uku ake ba shi ya yi tirenin da mu, rana ta uku ya tsaya gaban yara ya kira sha ɗayan da zai sa da bakinsa, ba wai a manna takarda a bango a gudu ba, sannan Baba ya ɗauki suna ɗaya ya tambaye shi dalili. Iyakar jarrabawar ke nan. Ya ce kowa ya iya hura usur, amma ka kalli idon yaro ka ce masa benci, nan aikin yake.

Sanda ya fara. Ya ba mu gudu kamar mun kashe masa wani, rana ta uku ko sunanmu bai riƙe ba, nuni yake da yatsa, kai mai siririyar ƙafa bakwai. Ni ke nan, Sauro ake ce min, lamba bakwai, ci tara na yi bara ba wanda ya kai ni. Ya ajiye babban golanmu ya sa ƙarami, Baba ya ce me ya sa, Sanda ya ce babban yana tsoron ƙwallon sama. Gola ya kumbura kamar zai fashe amma kowa ya san gaskiya ce.

Sai kwana ukun Yaya. Wallahi ban taɓa jin daɗin tirenin irin wannan ba, ya san wa ke da ciwon ƙugu wa bai karya ba wa ke fushi da wa, yara na gudu ba a ce su yi ba. Rana ta uku muka zauna a ƙasa, 'yan kallo sun cika jikin wayar da ta kewaye fili, Baba na tsaye gefe da gwangwaninsa. Yaya ya fara kira, gola, biyu, uku, muryarsa ras, ya zo bakwai sai ya kalli littafi ya ce Bulo.

Bulo fa! Yaron da in ya juya sai an jira shi kamar tirela. Shi kansa Bulo sai da ya waiwaya ko akwai wani Bulon a bayansa. Ni kuwa na ji kunnena ya yi dum, na dinga tsinkar ciyawa.

Da ya gama Baba ya ajiye gwangwani ya ce, "Lamba bakwai. Me ya sa?"

Yaya ya ce, "Bulo yana dawowa baya ya taya tsaro, Baba. Sauro in ya tafi ya tafi."

"Na ji. Tsakaninsu wa ya fi?"

Yaya ya juya shafin littafinsa. Wani daga jikin waya ya ce a bar shi mana tsoho, Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Da kai nake. Wa ya fi?"

Kuma Yaya bai iya yi wa Baba ƙarya ba, tun muna yara haka yake, da ni ne da na tsaya a kan maganar farko ko za a yanka ni. Ya ce, "Sauro ya fi. Amma Baba ku duba, ku kuna kwamiti, ni ina nema, in na sa shi kuma za a ce kulob ɗin gidanmu ne."

"Wa zai ce?"

Yaya ya juya ya kalli mutanen jikin waya. Minti ɗaya bai kai ba amma kowa ya ga ya kalla. Baba ya ce to, ya ɗauki gwangwaninsa da igiyarsa ya tafi, ni tun daga tafiyar nan na san an shiga uku.

Da la'asar a tsakar gida Umma ta tare shi tana wanke kwanuka ko hannu ba ta goge ba. Ta ce, "Baban yara, me nake ji? Yaron nan shekara biyu kamar gawa a gidan nan, yanzu ya fara dariya za ka mayar da shi?"

Baba ya zauna kan benci yana juya baƙin gilashin waldarsa ya ce, "Yau tun bai hau ba bakin mutane ya zaɓa masa lamba bakwai. In aka ci shi wasa biyu su za su zaɓa masa sha ɗayan duka. Wata uku za su cinye shi ɗanye, kin san mutanen nan, ni na ga yadda suka yi da wasu."

"To su cinye shi mana, a kan abin da yake so ne! Kai da ko ƙwallon ba ka taɓa shura ba!"

Na ce Baba ni fa na yafe, wallahi zan zauna benci shekara guda ban damu ba, in ana so ma in bar kulob ɗin gaba ɗaya. Ya ce kai rufe min baki, wa ya ce maganarka ake. Umma ta ce to ka yi shiru gobe kar ka ce e kar ka ce a'a. Ya ce in ya yi shiru ɗaya da ɗaya ne, maganar Ciyaman za a bi, duk ɗaya ne. Ta ce to ka ce e ɗin, bakinka zai tsage ne? Ya ce, "Shekara ashirin da shida ban taɓa cewa e ga wanda na ga ba zai iya ba. Yaran nan talatin 'ya'yan mutane ne." Umma ta ce shi kuma ɗan bishiya ne ko, ta kwashi kwanukanta ta shige ɗaki. Yaya duk yana jin su ta taga, bai fito ba.

Washegari da hantsi suka shiga ɗakin bayan kemis su uku, mu muna waje jikin mashina. Ko minti goma ba su yi ba Ticha ya fito yana goge gilashi bai kalli kowa ba, nan muka san Sanda aka ba. Yaya ya je ya ba Sanda hannu ya ce Allah ya taya riƙo, ya miƙa min littattafansa biyu ya ce ka ba mai ƙosai ta naɗe kaya, ya tafi yana jan ƙafa. Baba ya fito ƙarshe ya ce wa Yaya tsaya mana, bai tsaya ba.

Bai sake zuwa shago ba. Sati biyu suna gida ɗaya in Baba ya shigo shi ya fita, gaisuwa kawai, ita ma a tsaye. Ranar wata Laraba ya kwashe kayansa da Anti suka koma garin wanta, wai yana rubuta lambar motoci a wani gareji. Baba yanzu shi kaɗai ke riƙe ƙarfe da ƙafa yana walda, ya ƙone babban yatsa sau biyu, na ce in zo in riƙe ya ce tafi tirenin. Umma tana ajiye masa abinci ta juya.

To ga abin da ya sa nake rubutun nan. Wasa uku Sanda ya sa ni, aka ci mu biyu muka yi canjaras ɗaya, duk ta gefena ake shigowa. Wasa na huɗu ya tsaya gabanmu ya nuna da yatsa ya ce bakwai, kai mai ƙiba. Bulo. Na ce koci me na yi, ya ce in ka tafi ba ka dawowa. Wallahi tallahi maganar Yaya sak, kamar a bakinsa ya ɗauka. Kuma muka ci ɗaya da nema, satin da ya biyo ma muka ci, ina benci ina tafi kamar wawa. Masu zaman teburin shayin nan da Yaya ya ji tsoron bakinsu yanzu su ne ke cewa ai Kyaftin ya gani tun farko, tsoho ne ya yi masa baƙin ciki.

Jiya da rana na kai wa Baba ruwa shago na same shi zaune injin a kashe ga ƙofar mutane rabi ba a gama ba. Na ce Baba, to ashe Yaya ya yi daidai? Ya ce zaɓen daidai ne, dalilin ne ba daidai ba. Na ce amma ai dalilin farko da ya faɗa shi ne na Sanda. Ya ce e. Na ce to da kun bar shi a kan na farkon fa? Ya kalli titi ya ce, "Ban sani ba." Ni tunda nake ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa a kan koci ba, sai na ji tsoro ya kama ni, gara ma ya daka min tsawa.

Ya ce ɗauko wayarka rubuta masa, shi bai iya rubutu a waya ba. Ya ce rubuta ban yi don in tozarta ka ba, na rubuta, ya ce goge. Rubuta in kocin nan ya tafi ka sake nema, ya ce a'a goge wannan ma, zai ce tausayinsa nake ji. Rubuta ka dawo shago, goge. Mun fi rabin awa a haka mai faci na leƙo mu. Na ce Baba ku kira shi kawai mana, ya ce ya kira sau huɗu satin nan tana ta ringin. Ƙarshe abin da ya bari na tura shi ne, Babanka ne, ina gaishe ka da iyali.

Wayar ta nuna Yaya ya karanta tun jiya ƙarfe biyu da kwata. Yau da safe kafin in tafi tirenin Baba ya tambaye ni sau uku ko ya amsa, na ce tukuna, ya ce ko netwok ne, na ce ƙila netwok ne Baba.