Takun Gajere

Gonata tana maƙwabtaka da tasu, shi ya sa na san ɗan abin da na sani. Shi ana ce masa Gajere, bai kuma taɓa musawa ba. Ita kuwa tun haihuwar fari kowa ke ce mata Inna, har shi.

Idan ruwan shuka ya sauka, da sassafe za ka hango su cikin tururin ƙasa, kamar ba sa taka ta. Yana gaba da sungumi, kowane taku ya sari rami. Tana biye da ƙwaryar iri, ta jefa, ta rufe da diddige. Ba ta duban ƙasa. Ƙeyarsa take kallo, ko gajimare. Shekara arba'in da wani abu suna haka.

'Ya'ya bakwai Allah ya ba su, biyu suka koma tun suna goye. Babban ya zama direba a birni, mai bi masa tela, mata biyu aure ya kai su nesa. Auta ne ya tsaya kusa, malamin makaranta, dogo kamar kawunnansa. Gajere kan ce, "Wannan sai na ɗaga kai nake masa faɗa, kafin in gama wuyana ya gaji."

Wata shekara bayan girbi Gajere ya kwanta, bai tashi ba. Da damina ta matso, Direba ya ce a ba da gonar aro, Inna ta koma wurinsa.

"Ni da ƙafafuna?" in ji ta.

"Inna, shekaru fa."

"Ka bar ni in shuka bana. In gonar ta ƙi ni, zo ka ɗaure ni a bayan motarka."

Auta ya ɗauki sungumin, ta bi bayansa yadda ta saba. Bayan kwana bakwai tsiro ya fito jefi-jefi, nan ɗaya, can ɗaya. Direba ya ce ai ya faɗa, idon Inna ne. Ta fara wanke ƙorenta tana kifewa.

Na iske Auta tsugune a gonar yana tona da yatsa. Ramukan da ya sara babu iri a ciki. Irin kuwa ga shi kwance tsakanin rami da rami, a jere, tazara ɗaya, kamar an auna.

Na ce, "Malam, kai da kake koyar da awo, ka taɓa auna takunka?"

Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin. Inda ramin ubansa zai kasance, nan Inna take jefawa.

Da ruwa ya sake sauka, ya auna tazarar da igiya, ya ɗaura a idon sawunsa biyu. Inna ta fito da ƙwarya, ta tsaya.

"Wa ya dabaibaye min ɗa kamar jaki?"

"Inna, ki dai biyo ni."

Ya rage tsawo, ya rage taku. Ta bi shi tana dariya, can dariyar ta ɗauke, sai ƙarar sungumi kawai. Daga nesa ban iya rantsuwa a kan ko wane ne ke gaba ba.

Gero ya kai gwiwa Direba ya dawo. Ya zaga gonar sau biyu, hannu a baya.

"Inna," ya ce, "in an yi girbi a ajiye min nawa."

Ya koma birni shi kaɗai.