Namijin da Ya Hau Soron Mata

Shekara goma sha ɗaya ke nan, da hantsi ya ɗaga a lungunmu na tsohon garin Fas, sai mu ji an buga ɗan turmin tagulla sau uku a gindin matakala. Duk macen da ke saman soro sai ta ja mayafi, ko ta sauka abinta. Si Bushta ne zai hau shanya. Kafin nan ya riga ya yi wa matarsa Lalla Zuhur wanka, ya taje mata kai, ya kwaɓa burodi ya kai tandar unguwa, ya wanke zannuwan gado.

Ni maƙwabciyarsu ce, guntuwar katanga ce tsakanin soronmu da nasu. Na gaji da jin ana yabon mazan da ba su taɓa ɗauraye kofin da suka sha shayi ba, shi ya sa yau tsohon baduku mai ɗinkin takalma zan yaba.

Ranar da ɓarin jikin Lalla Zuhur ya shanye, Si Bushta ko inda ake ajiye gishiri a gidansa bai sani ba. Miyar farko da ya dafa, kyanwa ta shinshina ta wuce. A hankali ya koyi girki, ya koyi shara, wanki ma ya iya. Shanya ce ta gagare shi, domin soro namu ne. Can muke kwance ɗankwali mu sha iska, can muke gulmar mazajenmu, namiji mai mutunci ba ya leƙawa. Sai ya ɗaura igiya a cikin ɗaki. Rana kuwa ba ta shiga ɗakunanmu na ƙasa, ga damina da sanyi. Zannuwan suka ƙi bushewa, tari ya kama Lalla Zuhur.

'Yarsu Najat ta zo daga Kasablanka, ta shaƙi ɗakin sau ɗaya ta ce, "Baba, warin danshi kawai ke tashi. In tarin nan bai tafi ba, da ita zan koma."

Lalla Zuhur harshenta ya riga ya yi nauyi. Da hannunta mai lafiya ta riƙe ƙarfen gadon, ta ƙi saki. A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya.

Washegari Si Bushta ya tsaya a ƙofar Lalla Gita, babbarmu a lungun.

"Hajiya, soro na zo roƙo."

"Kakanka ma bai taka shi ba, Bushta. Aiko da kayan mu shanya maka."

"Yau ku shanya, gobe ku shanya, jibi fa? Zani huɗu ne kullum, kowaccenku kuma da nata aikin. Matata ce, Hajiya."

Ta amince, amma ta ba shi sharaɗi: da hantsi kawai, ya buga turmi sau uku, ya sauke hular jallabiyarsa har kan ido. Ranar farko ya jera ƙananan kayan matarsa a igiyar gaba, wadda ake hangowa daga titi. Lalla Gita ta leƙo ta kan katanga.

"Bushta, tuta ka kafa? Duk gari ya ga kayan cikin matarka? A ƙarƙashin zani ake sa su, bawan Allah."

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya kwashe ya sake jerawa, kunya kamar ta kashe shi. Mako uku bayan nan tarin ya tafi, Najat ta bar mahaifiyarta.

Maza ba su bar shi ya huta ba. Duk sanda ya wuce gidan shayi da katakon burodi a ka, sai an tanka. Mijina Mufaddal na cikin masu baki.

"Lalla Bushta, yau me aka dafa mana?"

"Abin da matarka ta dafa," in ji shi. "Bambancin, ni na san hanyar kicin."

Kai ne ka sha wannan shekara da shekaru ba ka ajiye kwandon wanki ba, Si Bushta. Kai ne ka iya kitso da yatsun da suka saba da fata da basilla, ya karkace ko ya miƙe, ba ka taɓa barin kanta a tsefe ba. Ba ka taɓa cewa taimaka mata kake yi ba. Cewa kake gidanka ne, aikinka ne. Na sha ganin ka tsaya a bakin igiya ka dafa ƙugu ka rufe ido, irin tsayuwar da na ɗauka mu mata kaɗai muka san ta.

Watan jiya aka buga turmi, muka rufe kai, muka jira, shiru. Da na leƙa sai na same shi zaune a mataki na goma, kwandon a cinyarsa. Matakan talatin da takwas ne, gwiwoyinsa sun ce sun gama.

"Ranar Juma'a Najat za ta zo," ya ce. "In ta ga igiya a ɗaki, shi ke nan."

Na karɓi kwandon. Najat ta zo, ta kai hanci jikin zanin gadon, ta ji ƙamshin rana, ta koma ita kaɗai. Tun ranar ni ke hawa sau biyu, da nawa da nasu. Da na faɗa wa Mufaddal, ya ce, "Allah ya ba ki lada. Ina shayin?"

Mun gode, Si Bushta. Allah ya sassauta maka gwiwa, ya bar maka Zuhur a ɗakinta. Ku kuma mazan lungunmu, Lalla Gita ta ce sharaɗin bai canza ba, duk wanda ya buga sau uku za mu ba shi hanya. Turmin yana nan a gindin matakala da 'yar taɓaryarsa. Na ɗaga ta na gani, ba ta da nauyi.