Minsharin Mai Sunan Baba

Ɗana na biyu sunan mahaifina ya ci, ya kuma ɗauko minsharinsa. Idan na kai shi gida, wajen Bagwai, bayan azahar su biyun sukan kwanta a tabarma ɗaya a gindin darbejiya. Baba yakan farka ya ce, "Ɗan ƙwace, ka karɓe sunana, yanzu har minsharin?" Mu yi ta dariya.

Amma yaron ba ya cin abinci. Da ya kurɓi kunun gyaɗa sai ya kau da kai yana haki. A asibiti, ma'aikaciyar da ke koya mini ba shi abinci ta tambayi yadda yake barci.

Na ce, "Baki buɗe, kamar kakansa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Numfashinsa yana ɗaukewa?" Na ce yana yi. Ta ce yaron da hancinsa ya toshe, haɗiya tana tsare masa numfashi.

A Kano aka cire naman da ya toshe bayan hancin, ya fara cin tuwo. Daminar nan Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yanzu yaron shiru yake barci a tabarmar, ni kuma nakan tsaya ina saurare.