Karen da Ruga Ta Bari a Gonarmu

Washegarin ruwan farko na shekarar da na shiga aji huɗu, ni da Baba muka ɗauki sungumi da ƙwaryar iri muka nufi gonarmu da ke bayan Bilbis. Fulanin da suke sauka mana duk rani, shanunsu su zuba mana taki mu kuma mu auna musu dawa, sun riga sun tashi. Ba abin da ya rage sai duwatsun murhu da bukkokin kara. A cikin wata bukka na ji motsi. Da na leƙa sai ga jan kare ramamme, ƙafarsa ta baya a kumbure, ya cusa kai cikin kara yana kyarma. Ƙaya ce ta hana shi bin garke.

Baba ya dube shi irin duban da yake yi wa akuya a kasuwa, ya ce, "Ɗauko shi in kana so, Lawali. Amma karen da ba ya haushi ba ya cin dawata. In aka girbe gero bai zama kare ba, maharba za ni ba." Na kuwa san maharba ba sa dawowa gida da karen da ya kasa, a daji suke barinsa.

Inna ta kafa nata sharaɗin: ba zai shiga tsakar gida ba, ba zai kusanci buta ko tabarmar salla ba, kuma fasasshen kasko ne kwanonsa. Na cire masa ƙayar, na sa masa suna Baƙo, sannan na yi masa abin da kowa ke yi wa karen gari. Na ɗaure shi a gindin rumbu, ina kai masa tuwon dawa da miyar kuka. Da ya ji takuna sai ya shige ƙarƙashin rumbu, kaji su cinye tuwon a gabansa. Kullum in na taso makaranta na yi ɗiban ruwa, na yanko wa shanun huɗarmu ciyawa, sai in bar abokaina suna langa in zo in tsuguna ina kiransa. Har waƙa suka yi mini, wai Lawali mai beben kare. Gero yana tsawo a gona, haƙarƙarin Baƙo yana ƙara fitowa.

Goggo Habi, wata tsohuwa mai kawo mana nono daga rugar da ba ta tashi, ita ta tarar da ni a haka. Ta sauke ƙwarya ta riƙe haɓa. "Kai ɗan Hausa, mi kaka yi ma wanga bawan Allah? An haife shi tsakanin ƙafafun shanu, ka ɗaure shi kamar ragon layya? Kwance shi!" Na ce ai zai gudu. Ta ce, "In ya gudu, da ma ba naka ba ne."

Na kwance igiyar. Bai gudu ba. Ya ɗaga hanci, ya ɗingisa har turken shanunmu a bayan gida, ya kwanta a kan taki kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Goggo ta tsiyaya masa tsala a kasko, ya lashe tas. Daga ranar na daina kiransa. Sai in zauna nesa in juya masa baya ina sassara ciyawa, har wata rana na ji sanyin hancinsa a diddigena.

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da jakin maƙwabcinmu ya tsinke ya sa baki a ciyawar shanu. Baƙo ya miƙe ya saki haushin da ya tayar da kajin unguwa. Baba yana dawowa daga sallar la'asar, ya tsaya yana dariya. "Ashe da baki!" Ba a sake maganar maharba ba.

Da rani ya zagayo Fulani suka dawo, Baƙo ya tare a wurinsu, ni kuma na fidda rai. Ranar da suka tashi ya bi garken har bakin rafi, ya tsaya yana kallonsu, sannan ya juyo. Bappa Sambo, mai garken, ya ɗaga mini sanda ya ce, "Naka ne, yaro. Ya san wanda ya kwance shi."

Yau ni dillalin shanu ne, ina zaune a Tudun Wada cikin Gusau, ina bin kasuwanni daga Tsafe zuwa Bungudu. Har yanzu ba na matsa wa baƙuwar dabba igiya, kusa da 'yan uwanta nake kai ta har ta ci da kanta. Gonar nan kuwa, tun da rashin tsaro ya raba mu da ƙauye, ta daɗe ba ta ga sungumi ba, ba mai sauka a cikinta da rani, kuma ban san inda 'ya'yan Bappa Sambo suke ba. 'Ya'yana ba su taɓa ganin ruga a gonar ubansu ba. In ruwan farko ya sauka, nakan tsaya a ƙofar gida ina shaƙar ƙamshin ƙasa. Mu ma an tashi an bar mu, har yanzu ƙayar tana ƙafa.