Inna Ta Wanke Babur

Mijina yana cika shekara arba'in da bakwai ya sayo babur. Wani tsohon babur ne ƙirar Japan da ya girmi 'yarmu ta fari nesa ba kusa ba, ya samo shi a hannun wani Bature can wajen Sterling, aka kawo mana shi garinmu Clinton na jihar Maryland a bayan akori-kura kamar ragon layya. Mutumin da ke duba masu ciwon ƙoda kwana shida a mako, wanda in na ce ya canza ƙwan fitila sai ya ce in kira mai gyara, shi ne ya tsaya a bakin gareji yana shafa tankin mai yana washe baki.

Hawa kam, bai fi sau biyar na ga ya hau ba. Ya kewaya unguwa, ya dawo, ya mai da shi gareji. Aikinsa da babur ɗin guga ne. Murafen injin na gefe biyu da sandunan gaba duk alminiyam ne, kuma shi da hannunsa ya kankare man da kamfani ya rufe su da shi, wai ƙarfe tsirara ya fi ƙyalli. To ya fi, amma na kwana nawa? Iskar Maryland laima gare ta, da sanyi kuma gishiri ake watsawa a titi. Sati biyu ƙarfen ya dushe, ya yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Sai a sake sabon lale. Ya jiƙa samfefa a bokiti, ya fara da mai kaushi ya gangaro har kan mai laushin da ba ka jin komai in ka shafa, sannan ya lakato wani farin mai a gwangwani ya yi ta murzawa har tsumman ya yi baƙi ƙirin. Singiletocinsa suka ƙare a haka, ya koma kan tsofaffin zannuwana ko tambaya babu. In ya gama sai ya ƙwala min kira in zo in ga fuskata a murfin inji. Nakan je in gani, hanci ya baje, goshi ya tsuke. Na sha gaya masa akwai madubi a ɗaki.

Asabar ce kaɗai ranar hutunsa, ita ma babur ya cinye ta.

A shekara ta uku da zuwan wannan kaya muka ɗauko mahaifiyarsa daga Gusau. Inna tana da ciwon suga, maigidanta ya rasu, 'ya'yanta mata duk aure ya kai su nesa, kuma sau biyu ana tsintarta a sume a tsakar gida. Muka nema mata takardar zama, aka ce mu jira. Burina ɗaya ne a lokacin, ta daure ta zauna har takardar ta fito, ta saba da mu, kada ta koma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san inda ƙafar mai suga take ƙarewa in babu mai dubawa. Ban da haka ma ina son matar. Ita ta yi min wankan jego a haihuwata ta fari, kafin mu baro gida.

Abin da ya dami Inna a gidanmu rashin aiki ne. Kwanuka inji ke wankewa, kaya inji, shara ma wani abu ne mai ƙara da take ɗage ƙafa in ya zo wucewa. Ta yi wa jikoki Hausa su amsa mata da Turanci. Wannan fa matar da a unguwarsu ake aron tukwanenta na dalma in za a yi biki, don kawai a jera su a gani.

Ranar da ta fara leƙa gareji ta daɗe tana kallon babur ɗin.

"Wannan na waye?"

"Na Likita ne, Inna." Haka take ce masa, ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa.

"Acaba yake yi in ya taso aiki?"

"A'a, sha'awa ce kawai."

"Sha'awa," ta ce, ta juya.

Amma tunda can ne kaɗai ake samun ɗanta, sai ta riƙa jan kujera kowace Asabar ta zauna a ƙofar garejin. Tana ba shi labarin gida, yana amsa mata da ƙeya. Wata rana ta ce masa wannan gugar tasa ta masu tsoron ƙarfe ce, da zai samo mata toka da ta gama masa kafin azahar. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai wannan ba tukunya ba ce." Ta ce, "Dalma ce dai, na san ta."

Da sanyi ya fara saki sai mijina ya tafi taron likitoci na kwana huɗu, ya bar babur ya dushe. Ranar Alhamis da hantsi na ji ana waƙa ƙasa-ƙasa a gareji. Na leƙa ta ƙofar kicin. Inna ce zaune a kan 'yar kujera, ta ɗaure zani tamau, ta kwaso toka daga murhun gasa nama, ta haɗa da yashin da muke watsawa a ƙofar gida in ƙanƙara ta zuba, ta ɗauko soson ƙarfen da na sayo a shagon 'yan Afirka na Hyattsville. Tana dirzar murfin inji da ƙarfinta, zagaye-zagaye, yadda ake yi wa gindin tukunya.

Na san abin da soson ƙarfe zai yi wa wannan ƙarfen. Shekara uku ina jin karatunsa ko ina so ko ba na so. Da na yi magana ɗaya da ta tsaya. Ban yi ba. Nakan ce wa kaina don na ji tana waƙa ne, karo na farko tun zuwanta, kuma gaskiya ne. Amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, daɗi na ji har cikin raina. Na koma na ɗora mata shayi.

Awa uku ta yi. Ba ta taɓa fenti ba, ta san aikinta. Ƙarfen ya yi fari tas, sai dai duk ya sha zane, ko inuwar mutum ba a gani a ciki. Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Ya dawo Juma'a da yamma. Ko jaka bai ajiye ba ta ja shi gareji da kanta. Ya tsaya. Ya shafa murfin injin da yatsa. Can ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

"To ka ga na rage maka," ta ce. "Gobe sai ka huta, ka kai ni in ga babban ruwan nan da yara ke faɗa."

"In sha Allahu," ya ce.

A ɗaki ya sauke min kwandon faɗa, da murya ƙasa-ƙasa don kada ta ji. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Baban yara, abu ɗaya nake roƙonka. Ka bar shi haka. Ka kai ta bakin ruwa gobe. In takardarta ta fito ka goge shi har ya narke, ba ruwana." Ya dube ni kamar na ce ya bar mara lafiya a kan gadon tiyata ya tafi kasuwa. Wai in aka bar zanen laima za ta shiga ta ci ƙarfen.

Washegari ana idar da sallar asuba ya shige gareji ya ja ƙofa. Kafin tara ya fita ya sayo sakata ya kafa ta ciki. Babban likita guda, da digiri jere a bango, yana kulle wa uwarsa ƙofa saboda murfin inji. Inna kuwa tun goma ta yi wanka, ta sa atamfarta mai kyau, ta yafa mayafi, ta zauna a falo da jaka a cinya. Daga inda take ana jin ƙarar samfefa mai kaushi, sas, sas, sas, ba hutawa. Matar da ta yi shekara sittin tana wanke tukwane ba sai an gaya mata ƙarar mece ce wannan ba. Na ce bari in kai ta ni da yara, ta ce a'a, ta gode. Da azahar ta yi, ta cire mayafin ta ninke.

Ranar Lahadi ta ce a nema mata jirgi. Ya durƙusa a gabanta, ya kawo maganar suga, ya kawo maganar takarda, ya ce saura ƙiris. Ta bar shi ya gaji don kansa, sannan ta ce, "A gidana in na yi ɓarna ana gaya min." Ni ma na roƙa, har da kuka, na ce laifina ne, na gani ban hana ba. Ta dafa kaina ta ce in tashi ƙafata za ta yi tsami.

Bayan sati biyu muka raka ta filin jirgi na Dulles. Takardar ta fito bayan wata huɗu, tana nan a cikin durowa, ba wanda ya taɓa amfani da ita. Shi kuwa bayan tafiyarta Asabar uku ya ƙara ɗauka yana bin zanen ɗaya bayan ɗaya.

Ranar ta ukun na kira ta in ji yadda ƙafarta take, don an ce min babban yatsa ya fara canza launi. Ta ce da sauƙi, ta tambayi yara, ta tambayi sanyi. Har na yi sallama zan ajiye sai ta ce, "Af, abin da na yi wa Likita a jikin babur, ya fita kuwa?"

Ƙofar gareji a buɗe take ranar, tunda babu sauran wanda za a kulle wa. Ina hango shi a tsugune yana ninke tsumma.

Na ce, "Ya fita, Inna. Ko alama babu."

Ta ce, "To madalla."