Na Amsa wa Matuƙin Jirgi Abin da Ban Gane Ba

Edita, ina gaishe ku da masu karatu. Ina roƙon ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ni saurayi ne, ɗan wani ƙauye kusa da Dogarawa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji a Konni, ban samu wucewa gaba ba, sai kawuna direban kamyo, babbar motar kaya, ya ɗauke ni muna kai albasa da wake Sakkwato. Shekara biyu ina bin shi. A can na tsinci Ingilishi irin na tasha da bakin iyaka, gaisuwa da ƙirga da ba ɗan sanda haƙuri. In na dawo ƙauye na yi 'yan kalmomin nan, sai a taru ana kallona, ana cewa ɗan wane ya haɗa Faransanci da Ingilishi. Abin yana mani daɗi, ban taɓa gyara masu zance ba.

Ana nan sai wani furoje, wato shiri na yaƙi da fara, ya buɗe buro, ofis ke nan, a Konni, da ɗan filin jirgi na jar ƙasa a bayan gari, inda ƙananan jiragen feshi ke sauka su ɗauki magani. Suna neman wanda zai zauna kan radiyo yana magana da matuƙa, kuma dole ya ji harsunan biyu. Shugaban buron, wani dattijo da muke ce ma Mushe, ya tambaye ni ko na iya Ingilishi. Na zuba mashi abin da na sani. Shi bai san ko ɗaya ba, sai ya ɗauke ni. Wani ma'aikaci ya zo daga Yamai ya koya mani aikin cikin mako biyu, ya bar mani takarda mai ɗauke da jimlolin da ake buƙata, kamar inda iska ke fitowa, ƙarfinta, da ko fili a buɗe yake. Ba hasumiya gare mu ba, ɗaki ne na kwano da radiyo da taga mai kallon fili. Damanar farko duk matuƙan Faransanci suke yi, aiki ya tafi lafiya. Na yi aure. Innata takan gaya wa mata a bakin rijiya cewa ɗanta ne ke gaya wa jirgi ya sauka.

A damana ta biyu fara ta zo daidai lokacin da gero ya fara yin ido. Daga Bazaga har gefen Malbaza mutane sun bar komai suna haƙa ramuka, suna kaɗa kwanoni, suna hura hayaƙi. Jirginmu kuma ya lalace, ana jiran kayan gyara. Da yake fara ba ta san iyaka ba, sai aka yi shawara da maƙwabtanmu na Najeriya, suka yarda su aro mana wani jirgi da ke feshi a ɓangarensu. Aka ce zai taso daga Sakkwato da safe, tankinsa cike da magani, in ya ƙetaro iyaka masu ba shi hanya a can za su miƙo shi hannuna. Aka ce matuƙin Ingilishi yake yi. Na ce ma kaina ai takardar tana nan.

An kwana ana ruwa kafin ranar. Da gari ya waye muka tarar ruwa ya yanke ƙarshen filin ta gabas, ya yi kwazazzabo mai zurfin gwiwa, jan ruwa ya rufe shi ta yadda daga nesa sai ka ce ɗan kwanciyar ruwa ne. Leburori suka shiga cikowa. Mushe ya ce in gaya wa matuƙin ya sauka tun daga farkon filin ta yamma, ya tsaya kafin ya kai tsakiya, in kuwa ya ga ba zai iya ba ya koma ya dawo da la'asar. A cikin ɗakin radiyo akwai Mushe, da wani babba daga buron sufurefe mai mulkin yankin, da masu gari biyu da suka zo roƙon a fara da yankinsu. Ɗaya daga cikinsu mai garinmu ne, wanda ya san ni tun ina rarrafe.

Da muryar ta shigo na san na shiga uku. Ba irin Ingilishin tasha ba ne. Da sauri yake magana, ga ƙarar inji, ga radiyo na ta ƙarce-ƙarce. Na karanta mashi zancen iska daga takarda, ya maimaita, wannan ya wuce. Sai aka zo kan abin da babu shi a takarda. Ban san yadda ake cewa kwazazzabo ba, ban san yadda ake cewa ruwa ya yanke ƙasa ba. Na harhaɗa abin da nake da shi, na ce gabas, na ce ruwa, na ce ba kyau. Ya amsa da wata doguwar tambaya, ban kama komai ba sai kalmar gabas da kalmar kyau. Ya sake tambayar, wannan karon a hankali, kalma bayan kalma. Har yanzu ban gane ba, kuma na san ban gane ba. A ƙasan takardar akwai jimlar da ake cewa a maimaita, idona na kanta. Mushe ya sunkuyo ya tambaye ni da Faransanci ko mutumin ya fahimta. Mai garinmu ya taɓa abokinsa yana murmushi, yana cewa a ji yadda yaronsu ke zuba harshen Ingila. Sai na danna abin magana, na ba matuƙin amsar da ke nufin i, haka ne. Na juya na ce ma Mushe ya fahimta.

Jirgin ya zagayo filin sau ɗaya, ya yi ƙasa. Bai taɓa ƙasa ba sai da ya wuce farkon filin da nisa, ya taho a natse, bai matsa birki ba, kamar mutumin da ya san yana da sauran fili a gabansa. Na ga leburori suna gudu suna kaɗa riguna. Ƙafar jirgin ta faɗa ramin, hancinsa ya soki ƙasa, ya wuntsila ya kife.

Ban san yadda na isa wurin ba. Magani ya tsiyaye ko'ina, warinsa na yanka ido da maƙogwaro. Muka fasa gilashi muka jawo shi, mutum ne baƙi, ɗan kimanin shekara arba'in, da 'yar furfura a gemu. Ina salati ina ce ma leburori su ɗaga a hankali, sai ya buɗe ido ya ce, "Sannu-sannu, 'yan'uwa, ƙirjina ne." Da Hausa ya faɗa. Hausa ce mai wani irin lanƙwasa da ban saba ji ba, amma Hausa ce sarai. Na durƙusa cikin taɓon.

Aka sa shi bayan kamyo aka nufi wata babbar likita, wato asibiti, ta wajen Malbaza, kansa bisa cinyata. Duk inda motar ta faɗa rami sai ya damƙe hannuna. Tsakanin numfashi da numfashi ya gaya mani shi mutumin Gana ne, a zangon Kumasi aka haife shi, da Hausa uwarsa ta raine shi, aiki ne ya kawo shi Najeriya. Ya ce yana da yara uku. Can ya dube ni ya tambaya ko ni ne na radiyo, don ya gane muryar. Na ce ni ne. Sai ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa. Radiyon na da ƙara. Wataƙila ka faɗa, ni ne ban ji ba." Na riƙe kansa kawai ina kallon gonakin gero suna wucewa. Ya nemi ruwa na jiƙa mashi leɓe, ya yi ta maimaita kalmar shahada. Mun isa da shi da rai, amma kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. A Konni aka yi mashi sutura, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Bayan kwana biyu jandarma suka zo da mutane biyu daga Yamai. Radiyonmu ba ya ɗaukar magana a kaset, don haka babu shaida sai bakina. Suka tambaye ni ko na gargaɗe shi, na ce na gargaɗe shi. Suka tambaya ko ya nuna ya fahimta, na ce ya nuna. Mushe da baƙin suka ce lalle sun ji na yi doguwar magana. Aka rubuta cewa matuƙi bai bi gargaɗin da aka yi mashi ba, na sa hannu. Laifin farko na yi shi cikin ruɗewa da kunya, wannan na biyun kuwa na kwana biyu ina tunani kafin in yi shi.

Wansa ya iso daga Gana bayan an share makoki, dattijo mai sanyin magana. Aka gaya mashi ni ne na riƙe ƙaninsa har ƙarshe. Na raka shi kabari, ya yi addu'a, sannan ya kama hannuwana biyu ya sa mani albarka, ya ce zai gaya wa tsohuwarsu cewa ɗanta bai mutu cikin baƙi ba. Ya ce mutuwa ba ta dame shi ba, kowa da ranarsa. Abin da ya tsaya mashi a rai shi ne takardar da ta ce ƙaninsa ya yi ganganci, alhali tun yana yaro mutum ne da ba ya tsallake kwata sai ya duba. Ya ce da wannan maganar 'ya'yansa za su tashi. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙansa.

Sai da aka yi fiye da mako kafin a samu wani jirgi. Kafin nan fara ta gama da yankinmu. Na je gida na tarar da Baba tsaye cikin gona, kara ne kawai a tsaye, zangarniya duk an gwaigwaye. Ya ce mani haka Allah ya so, kada in sa ma raina damuwa, ai mu mun yi iyakar ƙoƙarinmu. A shekarar nan samarin ƙauyenmu da yawa suka tafi cin rani tun kafin lokaci, wasu ba su sake zama gida ba.

Da damana ta ƙare na ajiye aikin, na ce maganin ya taɓa mani ƙirji. Na koma Badagishiri wurin dangin matata ina noman rani. Amma tambayar mutumin nan ta zauna mani a kunne da sautinta, ko da ban san ma'anarta ba. Bayan wasu shekaru na saba da wani tsohon malamin makaranta ɗan Najeriya da ke zuwa sayen albasa. Wata rana muna zaune bakin garka na maimaita mashi ita yadda na ji ta, na ce a radiyo na tsinta. Ya sa na sake faɗa sau uku, ya gyara wasu kalmomi, sannan ya ce mai maganar cewa yake jirginsa na da nauyi, yana so a tabbatar mashi ko filin duka yana da kyau har ƙarshensa na gabas. Na tashi na shiga cikin albasa kamar zan gyara ruwa, don kada ya ga fuskata.

A ƙarshen shekarun 1990 na ji Mushe ya yi ritaya yana Illela ba shi da lafiya. Na je na same shi kwance a zaure, na gaya mashi komai. Ya ce tun a ranar zuciyarsa ta raya mashi ban gane maganar ba, amma bai so a ce ya mayar da jirgi a gaban baƙi ba, ga mutane na jiran ceto. Ya ce shi ma bai taɓa gwada ni a gaban wanda ya san harshen ba, don haka mu biyu ne a ciki. Mun nemi a gyara takardar da na sa wa hannu, aka ce furojen ya daɗe da rufewa, ba a san inda kayansa suke ba. Sau biyu ina ba fataken goro wasiƙa zuwa Kumasi, ban samu amsa ba.

Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai wanke ni ba. Rashin Ingilishi ba shi ne laifina ba, ba wanda aka haifa da shi. Laifina shi ne na fifita mutuncina a idon mutum huɗu a kan ran wanda ya dogara da ni. Da na ce ya maimaita, ko na ce ya koma, ko ma na yi ihu da Hausa don ruɗewa, da ya ji ni. Ina kira ga duk wanda aka sa tsakanin mutane biyu masu harshe daban, ko tafinta ne a likita, ko a kotu, ko mai karanta wa tsoho takardar magani, in bai gane ba ya ce bai gane ba. Kunyar ba ta wuce ta yini ɗaya. Masu ɗaukar aiki kuma su gwada mutum kafin su miƙa mashi rayukan jama'a. In kuma Allah ya sa wannan mujalla ta faɗa hannun wani daga cikin yaran nan uku, waɗanda yanzu sun zama manya, ina so su sani babansu bai yi ganganci ba. Ya tambaya, ya sake tambaya. Ni ne na ce mashi i. Ina roƙon su gafara, in za su iya.