Allunan da Aka Bugo Daga Kaduna

A shekarun da aka ba mu jiharmu ta Sakkwato, kuɗin mai na shigowa, kowace hukuma tana neman abin da za ta gina. Ni lokacin malamin zane ne a wata firamare a Tambuwal, kuma da wuya ka ga allon sanarwa a bakin asibiti ko kasuwa wanda ba hannuna ne ya rubuta shi ba. Shi ya sa da ƙaramar hukuma ta yanke shawarar buɗe ɗakin kayan tarihi, sakatare ya aika a kira ni.

A ofishinsa na tarar da wani mutum cikin kwat, ya ajiye mabuɗin sabuwar mota Fijo a kan tebur. Sai da ya yi dariya na gane shi. Kwalejin horon malamai ɗaya muka yi, yana gabana da aji guda. Yanzu ya buɗe kamfani a Kaduna, aikinsa ba hukumomi shawara kan yadda ake tsara ɗakunan nune-nune, kuma shi aka ba kwangilar namu. Ya rungume ni, ya ce tare za mu yi aikin, sunana da nasa za su zauna a allon bakin ƙofa. Na yarda da shi, don ban ga dalilin da zai sa ya yi mini ƙarya ba.

Hutun makaranta gaba ɗaya a kan babur na yi shi. A Jabo na samo tsohuwar masaƙa, a Dogon Daji wani maƙeri ya ba ni zuga-zugin mahaifinsa, a Fakku wata tsohuwa ta ba ni tulun da ta ce ya girme ta. Babu wanda ya san kamfanin, ni suka sani. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne littafin kawuna, yayan mahaifiyata, malami a Kebbe. Littafin fiƙihu ne da kakansa ya kwafa da hannu, yana cikin gafaka, ba ya barin ko manyan ɗalibansa su taɓa. Sau uku ina zuwa. A na ukun ya miƙo mini shi da hannu biyu.

"Don kai nika ba da shi, ba don hukuma ba. A rubuta sunan wanda ya kwafe shi, da sunan gidanga."

Na ce, Kawu, da hannuna zan rubuta.

Na zana tsarin ɗakin a manyan takardu, inda kowane abu zai zauna da hanyar da mai kallo zai bi. Na rubuta bayanin kowane kaya, boko a sama, ajami a ƙasa, saboda yawancin dattawanmu ajami suke karantawa. A ƙarƙashin kowane bayani na sa sunan gidan da ya ba da aro. Na miƙa wa mai kamfanin duka.

Ranar da aka zauna don amincewa da tsarin, ya warware takarduna a gaban sakatare da shugabannin sassa. A kusurwar da na sa hannu, an buga hatimin kamfaninsa har sa hannun ya ɓace. Sakatare ya tambaya ko ba malam ne ya zana ba.

Mai kamfanin ya ce, "Malam mai fenti ne, ranka ya daɗe. Ya taimaka mana da ɗauko kaya."

Aka yi dariya kaɗan. Wannan na iya haɗiye shi. Amma da ya karanto bayanan da za a buga, sai na ji ya cire sunayen gidaje duka. A kan littafin kawuna ya sa wai an samo shi a binciken kamfani, ba a san wanda ya rubuta ba. Na miƙe na ce akwai alkawari a kan littafin nan. Ya amsa mini da Turanci, yana kallon sauran mutane ba ni ba, cewa a ɗakunan tarihi na zamani ba a cika allo da sunayen mutanen ƙauye.

Wani akawu ɗan Kebbe ne ya kai labarin gida. Da na je gaida kawuna ranar Juma'a, ya amsa sallamata, bai ce in zauna ba. Ya ce ashe kakansa ba a san shi ba. Ya juya ya ci gaba da ba da karatu. Na daɗe a tsaye a zauren kafin na fita. A kan hanyar dawowa ban yi tunanin komai ba sai yadda zan rama.

Ban ma sha wahalar nema ba. Allunan sun iso daga Kaduna saura kwana huɗu a buɗe ɗakin, aka kira ni in kafa su. Masu bugun ba su san ajami ba. Da suka yanke layukan don cire sunayen gidaje, sai suka manna su yadda suka ga dama. Fiye da rabi kansu na ƙasa, wasu kuma an kai bayanin wannan kaya ƙarƙashin wancan. Boko daidai yake, shi ya sa mai kamfanin bai ga komai ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba ko akwai aya ko sunan Allah a cikin abin da aka juya. Babu. Sai hankalina ya kwanta. Mai kamfanin ya tambaye ni ko komai daidai, na ce masa fentin ya yi kyau ƙwarai.

Da a nan na tsaya, da sai in ce shiru kawai na yi. Ban tsaya ba. Na je wurin sakatare na ba shi shawara cewa zai yi armashi idan limamin gari ya karanta wa babban baƙon da zai zo daga Sakkwato bayanan ajami da bakinsa. Ya ji daɗin shawarar. Na hau babur na kai takardun gayyata ga malaman Jabo da na Dogon Daji da kaina, na tabbatar an ba su kujerun gaba. Kawuna ma na aika masa, ko da yake na san abin da ke rubuce a ƙarƙashin littafinsa.

Da hantsi aka yanke ƙyalle aka shiga. Mai kamfanin na gaba yana bayani, baƙon na gyaɗa kai. Aka tsaya a gaban masaƙa, sakatare ya ce Allah gafarta Malam, bisimilla. Liman ya gyara tabarau, ya matsa kusa, ya karkata kai har rawaninsa ya kusa zamewa.

"Wanga rubutu ai kansa na ƙasa."

Ya daure ya karanta a hakan. Ya ce nan an rubuta wannan tulun ruwa ne. Wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka bi. Malamai suka watsu cikin ɗakin kowa na karanto nasa da ƙarfi, tulu ya zama garma, garma ta zama kwari da baka. Da aka iso gaban littafin, liman ya faɗa a hankali cewa an rubuta zuga-zugin maƙera. A nan babu wanda ya yi dariya. Na hango kawuna ya sunkuyar da kai.

Baƙon ya tambayi wanda ya duba aikin. Mai kamfanin, gumi na zuba ta wuyan kwat ɗinsa, ya nuna ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardun tsari suna ofis. Hatimin wanda ya yi aikin yana kansu."

Sakatare ya ce haka ne. Baƙon bai ƙarasa zagayen ba. Daga baya na ji cewa da ma an shirya ba kamfanin irin wannan aiki a wasu garuruwa biyu, aka fasa.

Bayan kwana biyu mai kamfanin ya zo makarantarmu. Na bar shi a tsaye a filin taro har na gama darasi biyu, ina kallonsa ta taga, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kowane minti. Ya ce an ba shi mako guda ya gyara, ya tuna mini zaman kwaleji. Na ce zan sake rubuta allunan da hannu, da sunan kowane gida, amma sai ya cire hatiminsa daga takarduna, kuma sai ya je Kebbe ya durƙusa a gaban kawuna. Ya yi duka biyun. Ni na zauna a kujerar gaba ta motarsa na nuna masa hanya har muka isa.

Kawu ya saurare shi, ya ce ya yafe, amma a dawo masa da littafinsa. Da mutumin ya fita zuwa mota, ya ce in tsaya. Ya tambaye ni ko na ga abin da ke ƙarƙashin littafin kafin ranar taron. Na ce na gani. Ya ce kuma na aika masa ya zo. Na ce e, Kawu.

Ya ce in gaida mutanen gida.

Na rubuta allunan cikin kwana shida, kuma su ne aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata. Akwatin gilashin da aka yi wa littafin ya zauna babu komai a ciki har aka rufe ɗakin bayan wasu shekaru. Mai kamfanin ban sake ganinsa ba, kuma har yau in na tuna shi a tsaye cikin rana ba na jin tausayinsa. Kawuna ya ci gaba da karɓar gaisuwata yana ba ni wurin zama, amma har ya rasu bai ƙara ba ni ajiyar ko da allura ba.